Lakwal da Gidan Makaɗi: Tarihin Koyo da Sauraren Waƙar Baka a Ƙasar Hausa ta Nijar

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa koyar da adabin baka a jami'a ya san wata tambaya da ɗalibai ba su rasa yi. Sukan ce: tun da Narambaɗa da Ma'azu Ɗan Alalo da Ɗan Gurmu ba ta hanyar lakwal suka kai inda suka kai ba, kuma manoman da suka fi kowa jin daɗin waƙoƙinsu ba su san baƙi ko ɗaya na boko ba, to mene ne amfanin karatun zamani ga kiɗa da waƙar gargajiya?

Amsoshi biyu aka saba ji. Wasu na ganin boko ba ruwansa da wannan fage, har ma ɓata kunnen yaro yake yi. Wasu kuwa na ganin kiɗanmu ba zai sami daraja ba sai an rubuta shi da alamomin solfej, an koyar da shi a aji, an ba da takardar shaida. A ganinmu ɓangarorin biyu sun taru a kan zato guda, watau makaɗin gargajiya mutum ne da bai yi makaranta ba, baiwa ce kurum ta faɗo masa. A wannan maƙala za mu bi tarihi domin mu nuna cewa makaɗi yana da makarantarsa, mai sauraro ma yana da tasa. Sa'an nan mu duba abin da ya sami waɗannan makarantu tun daga shigar Faransawa Damagaram a 1899, da kuma nauyin da ya hau kan lakwal sanadiyyar haka. Za mu tsaya a kudancin Nijar, amma za mu riƙa ƙetara iyaka in magana ta kai mu, domin makaɗan Gobir da Katsina da Zamfara ba su taɓa sanin wannan iyaka a cikin sana'arsu ba.

2. Gidan makaɗi

A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce kamar ƙira ko jima ko fawa, kuma galibi gadonta ake yi. Yaron da aka haifa a gidan makaɗa yakan fara ne da ɗaukar kaya, yana bin iyayensa fada ko gona ko gidan biki, yana zaune yana ji. In ya ɗan tasa sai a miƙa masa ƙaramin abin kiɗa, kamar kanzagi ko kuntukuru, wanda aikinsa riƙe amo guda ne ba tare da kauce wa ba, komi tsawon wasa. Wanda ya iya wannan shi ake sakawa cikin ƴan amshi. A nan zai shekara da shekaru yana maimaita gindin waƙa, yana karɓar ɗiyan da jagora ya fara yana ƙarasa su, har ya san numfashin maigidansa kamar nasa. Jagoranci kuwa ba ya samuwa sai an ba shi izini, sau da yawa ma sai bayan rasuwar na gaba da shi. Tarihin Musa Ɗankwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991, misali ne sananne: ya tashi a ƙungiyar mahaifinsa Usman Ɗankwanda, bayansa ya zauna ƙarƙashin wansa Abdu Kurna da muƙamin Daudun Kiɗi, kafin ya ja tasa ƙungiya.

In muka tsattsage abin da ake koyo a wannan gida za mu iske fannoni aƙalla biyar. Na farko shi ne hannu, watau kiɗan kansa. Na biyu haɗa kayan kiɗa da gyaransu: zaɓen icen da za a sassaƙa kango, jeme fata, ɗaure tsarkiya, liƙa nake a fuskar kotso domin daidaita amo, ko rufe ƙwaryar goge da fatar guza a ja mata izgar doki. Na uku sanin asali, domin makaɗin fada dole ya riƙe jerin sarakuna, da iyayensu mata, da yaƙe-yaƙensu, da garuruwan da suka ci. Na huɗu harshe: kirari, karin magana, zuga, zambo, habaici, da tsofaffin kalmomin da ba a ji a kasuwa. Na biyar, wanda ya fi sauran wuyar koyarwa, shi ne sanin hali da lokaci: yaushe ake ambaton mutum, yaushe ake tsallake shi, wace magana ce in an faɗa gaban sarki za ta jawo riga, wace ce za ta jawo kora.

Wannan makaranta tana da jarrabawarta, kuma a bainar jama'a ake yin ta. Makaɗin da ya rikita nasabar basarake ranar salla, gaban fadawa da abokan hamayyarsa, ya faɗi ke nan, kuma labarin zai riga shi isa gida. Tana da digirinta, watau rawani: Sarkin Makaɗa, Sarkin Tambura, Sarkin Kakaki, Sanƙira, ko Sarkin Taushi irin na Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi.

Gaskiya ne akwai ƴan haye, waɗanda ba su gaji kiɗa ba. Mamman Shata shi ne babbansu, domin a dandali da kasuwanni ya fara, ba da son mahaifinsa ba. Amma ɗan haye ma bai tsira daga koyo ba. Abin da bai samu a gida ba sai ya biɗe shi a yawo, ta hanyar sauraren magabata da zama da makaɗan kalangun da suka gaji abin.

3. Kunnen mai sauraro

Masu cewa waƙar gargajiya ba ta bukatar ilimi kafin a ji daɗinta sun faɗi rabin gaskiya. Kowa na iya rausaya wa amon kalangu, ko da baƙo ne daga wata nahiya. Sai dai abin da Bahaushe ke kira jin kiɗa ya wuce rausaya. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma kalangu da kotso suna kwaikwayon hawa da saukar murya, har su faɗi magana ba tare da an buɗe baki ba. Wannan magana ita ce take. Kowane basarake da takensa, kowace sana'a da nata, ƴan kokawa da ƴan dambe da ƴan tauri kowa da nasa. Mahauci yana jin kalangu ya san da shi ake, maƙeri yana jin dundufa tsuma ta kama shi, manomi a gayya yana jin gangar noma ta kira sunan kakansa sai ya ƙara duƙawa. Wanda bai san taken ba, amo kurum ya ji, saƙon ya wuce shi.

Haka abin yake a fada. In makaɗin Damagaram ya ambaci Tanimun, ko na Maraɗi ya kira Korau da Ɗan Baskore, ko na Tsibiri ya tuno Bawa Jan Gwarzo da Alƙalawa, ba ya tsayawa ya yi bayani. Ya ɗauka masu saurarensa sun san wane ne ya gina ganuwa, wane ne ya kai hari har kusa da Katsina, kuma me ya sa Gobirawa suka baro birninsu a 1808. Habaici kuwa ya fi haka neman sani, tun da ba a kama suna a cikinsa. Sai wanda ya san rigingimun gidan sarauta, da ɗan sarkin da ya nemi gadon ya rasa, shi ne zai gane inda kibiyar ta dosa, ya yi dariya a inda ya kamata.

A fagen bori ma, wanda Jacqueline Monfouga-Nicolas (1972) da Veit Erlmann suka nazarta a yankin Maraɗi, kowane iska yana da kiɗansa da kirarinsa, kuma mai goge ko mai garaya dole ya riƙe su duka bisa tsari. Girka, wadda Erlmann da Habu Magaji suka bayyana a littafinsu na 1989, horo ne na kwanaki wanda a cikinsa sabon shiga ke koyon gane waɗannan kiɗe-kiɗe da abin da kowanne ke nema a gare shi.

Ina mai sauraro ya koyi duk wannan? A rayuwar gari ya koye shi. Yarinya ta ji waƙar raino a bayan uwarta, ta ji ta daka da ta niƙa a tsakar gida, ta shiga gaɗa a dandali da farin wata, ta buga shantu a gidan amarya. Yaro ya bi gayya da farauta, ya tsaya bakin fili ranar kokawa, ya yi wasan kara bayan kaka. Ba wanda ya kira wannan karatu, amma shekara goma sha biyar na irin wannan zama su ke samar da kunnen da makaɗi ke yi wa waƙa. Makaɗi da mai sauraro tare aka rene su, kuma in ɗaya ya raunana ɗayan ba ya tsayawa.

4. Malamai da makaɗa kafin zuwan Nasara

Kada mu manta lakwal ba ita ce makarantar rubutu ta farko a ƙasar nan ba. Makarantar allo da ta ilimi sun riga ta da ƙarnuka, kuma tsakaninsu da kiɗa akwai tsohuwar jayayya. Shehu Usman ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Marata cikin ƙasar Nijar ta yau a 1754, ya lissafa yawan kiɗe-kiɗen fada cikin al'adun sarakunan Hausa da ya soka, kuma shi da mabiyansa sun taƙaita halaccin ganga ga wasu bukatu kamar yaƙi da tara jama'a. Erlmann ya tattara waɗannan rubuce-rubuce a wani littafi na 1986. Amma malaman jihadi ba su ƙi rerawa ba. Sun tsara waƙoƙi da ajami bisa ma'aunan Larabci domin a rera su, kuma Nana Asma'u ta yi amfani da su wajen karantar da mata ta hannun jajis da ƴan taru.

Ta haka aka sami koguna biyu, rubutacciyar waƙa da waƙar baka, kuma ruwansu ya sha gauraya. Makaɗa da yawa sun taɓa allo a ƙuruciya, shi ya sa suke buɗe waƙa da addu'a, suna tsarma kalmomin Larabci da ƙissoshin annabawa. A ɗaya gefen, Imfiraji ta Aliyu Namangi, wanda shi kansa makaho ne, ta bakin almajirai da makafi ta game ƙasa fiye da ta takarda. A Maraɗi da Tsibiri kuwa, inda sarakunan Katsina da na Gobir da suka ƙi miƙa wuya suka kafa sababbin birane a ƙarni na 19, kiɗan fada da bori sun ci gaba da zama cikin tsarin mulki, da Iya a Maraɗi da Inna a Gobir a kan sha'anin bori. Darasin wannan zamani shi ne, ilimin takarda ya ƙara wa waƙar baka kalmomi da jigogi, ya kuma sa mata iyaka a wasu wurare, amma renon makaɗi ya ci gaba da zama a hannun gidan makaɗa.

5. Lakwal ta zamanin mulkin mallaka

Abin da mulkin Faransa ya fara taɓawa shi ne fada, wadda ita ce uwar makaɗa. A 1906 aka tuɓe Sarkin Damagaram Amadu Ɗan Basa, kuma ba a maido da sarautar ba sai 1923. A 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. Sarakunan da suka rage sun koma masu karɓar haraji da tara ƴan aikin tilas a ƙarƙashin kwamandan. Yaƙi ya ƙare, ganima ta ƙare, kuma dawaki da bayi da riguna da ake yi wa makaɗi kyauta da su suka ragu. Tambari da kakaki ba su yi shiru ba, amma abin da suke faɗa ya fara zama labarin jiya.

Ita kuwa lakwal, da Faransanci kaɗai take koyarwa. Yaron da aka ji yana Hausa a farfajiya sai a rataya masa abin da ake kira sambol, ya yi ta fakon wani da zai miƙa wa kafin a tashi. Littafin karatu shi ne Mamadou et Bineta, waƙoƙin aji kuwa da Faransanci ake rera su. Ɗan lakwal ya tashi da ganin cewa abin da ake yi a dandali wasa ne, abin da ake yi a aji shi ne ilimi. Ga kuma tsohon ra'ayin gida da ke kallon roƙo a matsayin sana'ar ƙasƙanci, wanda M. G. Smith ya yi bayaninsa a maƙalarsa ta 1957. Da waɗannan biyu suka haɗu, sai ya zamana ma'aikacin gwamnati na iya yi wa makaɗi kari a wurin biki, amma ba zai yarda ɗansa ya taɓa gurmi ba.

Duk da haka akwai abu biyu da ya kamata a lura da su. Na ɗaya, lakwal ba ta kai ga mutane da yawa ba. Lokacin da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa makaranta ba su kai 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba. Saboda haka makarantar dandali ta ci gaba da aikinta a ƙauyuka kusan yadda take. Na biyu, a makarantar William Ponty ta Senegal, inda Bubu Hama da Diori Hamani suka yi karatu, tun shekarun 1930 ana sa ɗalibai su rubuta bayanin al'adun garuruwansu, su kuma shirya wasannin kwaikwayo da waƙoƙin gida a ciki. Daga nan aka sami wani sabon mutum, ɗan boko mai tattara al'ada. Bai iya kiɗa ba, amma ya iya rubuta abin da makaɗi ya faɗa, kuma shi ne zai riƙe ragamar siyasar al'adu bayan 1960.

A Nijeriya ta Arewa hanya ta bambanta, domin Ingilishi sun bar Hausa a azuzuwan farko, an kuma fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Wannan ne ya sa nazarin waƙar baka da harshen Hausa ya riga kafuwa a Zariya da Kano da Sakkwato.

6. Rediyo, samariya da cibiyar koyon kiɗa

Abin da ya fi lakwal sauya sauraren waƙa shi ne rediyo. An buɗe gidan rediyon Nijar a 1958, ga kuma tashar Kaduna da ake kamawa a duk kudancin ƙasar, daga baya kaset ya shigo. A karo na farko mutumin Tawa ya ji makaɗin Damagaram ba tare da ya taka ƙofar fada ba. Riba ce babba, amma da hasararta: waƙa ta rabu da wurinta. Kiɗan noma ya shiga shago, kiɗan bori ya shiga mota, kuma aka sami masu sauraro da ke son amo ba su san take ba.

Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, gwamnatin Seyni Kunce ta farfaɗo da samariya, ta mai da ita ginshiƙin tafiyar da matasa. An fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, aka kuma fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976, yana zagaya manyan biranen jahohi. Wannan ya buɗe wa makaɗa fage da ba su taɓa samu ba, ya kuma sa ƴaƴan da ba na gidan roƙo ba, har da ƴan lakwal da malamansu, suka hau dandamali ba tare da jin kunya ba. Sai dai dandamali yana da dokokinsa. Akwai ƙayyadadden lokaci, akwai jigon da hukuma ke so, kamar haɗin kan ƙasa da noma da yaƙi da hamada, akwai kuma alƙalai, waɗanda galibinsu ma'aikata ne ƴan boko. Waƙar da a fada ake ja har sai sarki ya motsa, a nan dole a datse ta. A nan ne karatun boko ya fara yin hukunci a kan waƙar baka, ta wajen zaɓen wadda za ta ci da wadda za a sa a rediyo.

A shekarun 1980 aka ƙirƙiro gasar da ke ɗauke da sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin Adar, a 1989 kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM a Yamai da tallafin asusun raya ƙasashe na Turai, wadda aka sa wa sunan Alhaji Taya. Cibiyar ta koyar da solfej da kayan kiɗan zamani, ta tara kayan kiɗan gargajiya, ta kuma zama mahaɗar matasan da suka kafa ƙungiyoyin kiɗa a shekarun 1990. A fagen doka, an fitar da dokar haƙƙin mawallafa a 1993, wadda ta haɗa da fasahar gargajiya, aka kafa ofishin BNDA a 1995. Tun daga nan makaɗi ya shiga duniyar takarda, ko ya so ko bai so ba: rajistar waƙa, yarjejeniya da mai buga kaset, takardun tafiya waje. A wannan fage makaɗin da ba ya karatu yana hannun wanda ke karanta masa.

7. Abin da rubutu ya adana da abin da ya zubar

Aikin masana ya ceci abubuwa da yawa. Tolia Nikiprowetzky ya ɗauki kiɗe-kiɗen Nijar a farkon shekarun 1960, kamfanin Ocora ya fitar da su a faifai. A 1968 aka kafa cibiyar tattara adabin baka a Yamai da taimakon UNESCO, wadda ta zama CELHTO a 1974. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamusun kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a 1975, Mahaman Garba ya gabatar da nasa a kan kiɗan Hausawan Nijar a Strasbourg a 1992, Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993. Ba don irin waɗannan ayyuka ba, da tarihin makaɗa da yawa ya bi su kushewa. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa, wanda a ganinmu shaida ce daga jami'a cewa ilimin da take nazari a wajenta aka gina shi.

Amma rubutu yana da iyaka, kuma ya kamata mu da muke aiki da shi mu faɗe ta. Ƙa'idar rubutun Hausa ta yau da kullum ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali. To, waɗannan biyu su ne ainihin abin da kalangu ke kamawa, su ne kuma ma'aunin da waƙa ke tafiya a kai. Ɗalibin da aka miƙa wa matanin Bakandamiya a takarda ya sami kalmomi, ya rasa kotso, ya rasa inda ƴan amshi ke shigowa, ya rasa fadar da aka yi waƙar dominta. Solfej ma an gina shi ne domin wani kiɗa dabam, kuma ba ya ɗaukar lanƙwasar amon da ke fita in an matse tsarkiya a hammata. Sakamakon haka shi ne muna yaye ɗalibai masu iya fitar da jigo da salo da zubi, waɗanda in an kaɗa taken garinsu ba za su waiwaya ba.

8. Malam Maman Barka da biram

Akwai tarihin mutum guda da ya tara duk abin da muke faɗa. Malam Maman Barka ɗan Tasker ne a jahar Damagaram, Batube, wanda bai gaji kiɗa ba. Ya yi lakwal, ya zama malamin makaranta, ya kuma yi suna da gurmi da waƙoƙinsa na Hausa a Nijar da Nijeriya. A 2002 ya sami tallafin UNESCO domin ya koyi biram, wani abin kiɗa mai tsarkiya biyar da siffar jirgin ruwa, na masuntan Buduma a tafkin Cadi. A lokacin mutum guda ya rage da ya ƙware a kansa, watau Bukar Tar. Maman Barka ya tafi can ya zauna gabansa a matsayin almajiri, ya koyi kiɗan da waƙoƙinsa da ladubbansa baki da baki, kamar yadda ake yi tun da. Bayan rasuwar malamin nasa shi ya fitar da biram duniya, tare da makaɗinsa Umaru Adamu, aka buga faifansa a Ingila a 2009. Ya rasu a Nuwamba 2018.

Biram ba na Hausawa ba ne, amma darasin ya shafe mu. Karatun boko shi ya sa Maman Barka ya san abin na gab da ɓacewa, shi ya ba shi hanyar neman tallafi, shi ya buɗe masa ƙofofin waje. Kiɗan kansa kuwa a hannun tsohon da bai yi lakwal ba ya same shi, kuma ba wata hanya da zai same shi in ba ita ba. Kowace makaranta ta yi aikin da ɗayar ba ta iyawa.

9. Kammalawa

Amsar da tarihi ya ba mu ita ce: kiɗa da waƙar gargajiya ba su taɓa rabuwa da ilimi ba, sai dai ba lakwal ce ta ba da shi ba. Muddin gidan makaɗi da dandali da gayya da fada suna aikinsu, karatun boko bai zama sharaɗi ga mai yi ko mai ji ba. Yau kuwa gayya ta ja baya, dandali ya yi sanyi a birane, ƴaƴan makaɗa da yawa sun kama wasu sana'o'i, kuma sa'o'in da yaro ke yi a dandali a aji yake yin su. Tun da lakwal ta karɓi lokacin yaro, ta karɓi bashin abin da yake koyo a wannan lokaci.

Hanyar biya a buɗe take. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida wuri a makaranta, a 2025 kuma hukumomi suka ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa. Muna ba da shawara uku. Ta farko, a shigo da makaɗa cikin aji da jami'a a matsayin malamai, a biya su a kan haka, ba tare da an nemi takardar da ba su da ita ba. Ta biyu, kada a nazarci matanin waƙa sai tare da sautinta, kuma a rubuta karin sauti da tsawon wasali a duk kundin da ya shafi waƙar baka. Ta uku, ɗalibin da zai rubuta kundi a kan wani makaɗi ya zauna da ƙungiyarsa na wani lokaci, ya ɗauki kaya, ya yi amshi in an yarda masa. Faya-fayan da ke ajiye a IRSH da CELHTO da gidan rediyon ƙasa suna jiran masu sauraro, kuma tsofaffin da za su iya fassara taken da ke cikinsu suna raguwa kowace shekara.